Tsohuwar Golf Ɗin Gidanmu: A Gyara Ko A Yi Ciko?

Motar gidanmu ta girme ni da shekara bakwai. Takardunta sun nuna a 1996 aka ƙera ta a Jamus, Golf 3 ce mai dogon baya, irin wadda duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Dutsin-ma da ke gaban makarantar nan ya ga 'yan'uwanta suna wucewa, but a buɗe, an ɗaure buhuna da igiya. A da ruwan toka ce. Yanzu ƙofar direba kala daban, murfin gaba kala daban, har yaran unguwarmu a Ƙanƙara suna ce mata Zabuwa. Da ita aka biya mini kuɗin rajista tun daga shekarar farko, da ita ake sayen omo da magi a gida mai mutum goma sha huɗu, da ita aka kai matar Yaya asibiti cikin dare ranar da za ta haihu.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Idan aka bi ɗakunan kwananmu ɗaya bayan ɗaya aka tambayi kowa daga ina kuɗin makarantarsa ke fitowa, za a tarar da yawanmu wani tsohon ƙarfe ne ke ɗauke da mu: mota, ko Keke Napep, ko babur, ko injin niƙa, ko keken ɗinki. Muna zama a kafteriya muna musu a kan Benz da Lexus da ba mu taɓa riƙe sitiyarinsu ba, amma ƙarfen da ke ciyar da mu ba ma tuna shi sai ranar da aka kira daga gida aka ce ya tsaya. Namu ya tsaya a hutun da ya wuce, kuma sai da muka yi kusan wata guda ana kai ruwa rana kafin a tsayar da magana.

A 2012 Baba ya saye ta, 'yar Kwatano, lokacin motoci na shigowa ta ƙasa, su ratso Nijar su faɗo Katsina. Naira dubu ɗari shida da hamsin ya biya. Shi ya riƙa ja da kansa har idonsa ya fara ba shi matsala, sai ya miƙa wa Yaya makulli. Hanyar Yaya ta yau da kullum ita ce Ƙanƙara zuwa Funtuwa ta Marabar Ƙanƙara da Bakori. Ranar kasuwa yakan leƙa Sheme a ƙasar Faskari, inda dangin Inna suke, da kaka kuma Kawu na Sabuwa kan kira shi ya fitar masa da masara zuwa Ɗandume. Mutum biyu a gaba, huɗu a baya, kaya a but. Haka ta yi shekara goma sha uku tana yi.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne ga mai tsohuwar mota. Ta daɗe tana shan baƙin mai, tana hayaƙi da safe, Yaya na yawo da galan biyu na ruwa a bayan kujera. Ran nan yana dawowa daga Sheme da fasinja shida, bayan la'asar, tiyon lagireto ya fashe. Allurar zafi ta daɗe da mutuwa, saboda haka bai ankara ba sai da ya ga tururi. A wata hanyar da sai ya tsaya nan take ya buɗe gaba ya jira ta huce. A wannan hanyar, da rana ta karkata, da mata biyu da jariri a baya, bai tsaya ba. Ya ci gaba da taka ta har sai da ya hango gidaje, can injin ya yi wata ƙara ya buga. Aka samu mai babur ya kira wata mota ta kwashe fasinja, washegari aka jawo ta gida da igiya. Babu wanda ya ce wa Yaya don me. Baba cewa ya yi, "Injin dai ko? To alhamdu lillahi."

Daga nan gida ya rabu. Yaya ya ce a ba da ita a yi ciko a ɗauko Sharon, ya gaji da kwanciya ƙarƙashin mota. Baba ya ce a gyara. Inna ta ce a sayar da ita kowa ya huta, Yaya ya buɗe shago ko ya kama sayar da hatsi, ita ta gaji da zaman jiran ƙarar mota kullum magariba. Ni kuma da na zo hutu, Baba ya ajiye mini littafin da Yaya ke rubuta shiga da fita, ya ce, "Kai da ake biya wa kuɗi kana karanta lissafin kuɗi, ga shi nan. Duba ka gaya muna gaskiya."

Abu na farko da ya ba ni dariya shi ne, a bisa abin da aka koya mana a aji, motar nan ba ta da daraja ko ta sisi. Idan ka raba kuɗin mota a kan shekara biyar ko ma goma kana zaftarewa, tun tuni ta kai sifili. Amma dillalin da Yaya ya kawo daga Funtuwa ya zagaya ta sau biyu, ya buga taya da ƙafa, ya taya ta miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, da mataccen injinta. Ninki biyu na abin da Baba ya biya ke nan. Baba har ya fara murmushi. Sai dai ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta zube. Lokacin da ya saye ta dala tana wajen naira 160, wato ya biya kimanin dala dubu huɗu. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka raba abin da dillali ya taya a kan wannan, ba ta kai dala dubu ɗaya ba. Kuma motar da za ka saya da kuɗin ita ma da dala ake auna ta. Ga shi tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa, abin da ya sa 'yar Kwatano ta gaskiya ta zama sai mai hali. Abin da ke yawo a hannun dillalan garuruwanmu yawanci motocin da aka gama mora ne a Legas ko Abuja ko Kaduna, aka yi musu fenti aka turo Arewa.

Sharon ɗin da Yaya ya ƙyalla ido a kai irin wannan ce. Miliyan uku da dubu ɗari takwas aka sa mata. In an karɓi tamu a yadda aka taya, cikon miliyan biyu da rabi ke nan. A ɗaya gefen, Injiniya, bakaniken da ke duba motar tun ranar da ta shigo gidanmu, ya ba mu hanya biyu. Ko a sauke injin a kai a yi bora, a sa sabon ringi da mital da gaskit, a goge top silinda, abin zai ci wajen dubu ɗari biyu da tamanin. Ko a je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, a ɗauko injin Baljiyam cikakke a ɗora, da kuɗin aiki wajen dubu ɗari shida. Ya ce in za a bi ta tasa, kada a taɓa tsohon injin. "An taɓa buɗe shi sau biyu. Injin da aka buɗe sau uku, Alhaji, sai dai a yi ta lallashi. Kayan da ake kawowa yanzu kuma ba irin na da ba ne, ringin wata shida ya gaji." Ya ƙara da cewa in dai za a ɗora injin, to a canza lagireto da famfon ruwa da tiyo da bel gaba ɗaya, a gyara allurar zafi, a sa tayun gaba. Jimla dubu ɗari takwas.

To ga lissafi a fili: dubu ɗari takwas a gyara, miliyan biyu da rabi a canza. Tazarar miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Hujjar Yaya ita ce Sharon na ɗaukar mutum tara inda Golf ke ɗaukar shida. Gaskiya ne. Amma ta fi shan mai, kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Mai ya zama shi ne babban abokin rabon direba. Muka zauna da Yaya muka cire kuɗin mai da na kamasho da na ƙungiya, muka ga in ta cika kullum za ta ƙara masa kamar dubu shida a rana a kan dubu goma sha biyun da yake kawowa gida. Kwana biyar yake fita a mako, dubu talatin ke nan. Kafin wannan ƙarin ya biya tazarar, sai an yi mako hamsin da bakwai, shekara guda da 'yan makonni, ba ta kwana gareji ko sau ɗaya ba, kuma kullum ta cika. Wanda ya san tashar Ƙanƙara ya san yadda ake zaman jiran mutum na shida. Mutane sun rage tafiya. Wanda zai je Funtuwa sau huɗu a wata yanzu sau ɗaya yake zuwa, sauran ya tura kuɗi ta POS a aiko masa da kaya. Mai jiran mutum tara sai ya ga Golf biyu sun tashi sun bar shi.

Kada a ce na goyi bayan Baba ido rufe, littafin ya nuna wani abu da bai yi masa daɗi ba. A wata goma sha biyun da suka wuce an kashe wa motar dubu ɗari huɗu da goma a gyara. Wannan kowa ya sani, don ana jin fitarsa. Abin da ba wanda ya ƙirga shi ne kwanakin da ta yi a ajiye: talatin da takwas. Ka buga da dubu goma sha biyu, dubu ɗari huɗu da hamsin da shida. Zaman da take yi ya fi gyaran kansa cin kuɗi. Kuma yawancin kwanakin ba don aikin na da yawa ba ne, jiran kuɗin kaya ne, ko an sa na araha ya mutu an sake komawa. Gyaran ɗan-kaɗan-ɗan-kaɗan da muke ganin tattali ne shi ke cinye mu.

Baba yana da wata magana da yake ta maimaitawa: "Bara muka sa mata giyabos, muka sa shokazoba, yanzu mu ba wani ya mora?" A aji an koya mana cewa kuɗin da ya riga ya fita ya fita, ba a sa shi cikin shawarar gobe. Na yarda da wannan, amma na ga rabin maganar Baba na da ƙafa. Kuɗin ya tafi, giyabos ɗin bai tafi ba, yana nan a jikin mota da sauran shekarunsa. Dillali kuwa ko naira bai ƙara mana saboda shi ba. Ya taya ta ne kamar kowace Golf mai mataccen inji. Mu kaɗai muka san abin da ke cikinta, kuma mu kaɗai wannan sanin zai yi wa amfani.

Nan ne na tuna da George Akerlof, masanin tattalin arziki ɗan Amurka da ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, rubutun da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda haka mai saye ba zai biya kuɗin mota mai lafiya ba, sai ya taya a tsakiya don kare kansa. Mai mota mai lafiya kuma in ya ji tayin sai ya fasa sayarwa. A ƙarshe masu ciwo ne suka fi yawa a kasuwa. Injiniya bai taɓa jin sunan mutumin nan ba, amma da na ba shi labari cewa ya yi, "Ai ba sai Bature ya faɗa ba. A wannan marra wa zai saki mota mai kawo masa abinci in ba ta fara cizonsa ba?" Da aka kai shi ya duba Sharon ɗin, ya sa hannu cikin salansa ya shinshina, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa, ya ce an zuba mata mai kauri don ta rufe baki. Ya ce ba zai rantse tana da ciwo ba, ba kuma zai rantse ba ta da shi ba. Tamu kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san wace ƙara ce ta banza, wace ce ta tsayawa.

Duk wannan lissafi ne da ɗalibi a Ibadan ko Inugu zai iya yi wa motar gidansu. Abin da ya bambanta namu shi ne hanya.

Ba sai na ba kowa labarin daren 11 ga Disamban 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da ɗari uku daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Duniya ta ji wannan. Abin da duniya ba ta cika ji ba shi ne yadda rayuwar direba ta koma. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta fitar da dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Aka hana sayar da mai a jarka, aka ƙayyade wa mai mota man naira dubu biyar a gidajen man da aka ware, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. A wannan lokacin in motarka ta mutu a daji, ba ka da wanda za ka kira. Yaya ya ce a watannin nan ne ya koyi ɗaure tiyo da robar taya da kunna mota da waya, don ba Injiniya ba dalilinsa. An buɗe hanya daga baya, waya ta dawo, a 2025 kuma an yi ta zaman sulhu a ƙananan hukumominmu, mutane sun ɗan samu sararin zuwa gona. Amma har yau ba direban da zai so la'asar sakaliya ta same shi tsaye tsakanin gari da gari da murfin gaba a buɗe.

Saboda haka a wurinmu tambayar ba wace mota ta fi riba ba ce kawai. Wace ce ba za ta tsaya ba? In kuma ta tsaya, wace ce za a iya tayarwa cikin minti goma da abin da ke but? Da farko za ka ce ai wannan hujjar Yaya ce, a rabu da tsohuwa. Amma Sharon ɗin ita ma ta haura shekara ashirin, kuma ba mu san cikinta ba. Motar da za ta ba ka kwanciyar hankali na gaske, wadda ba ta daɗe da sauka daga jirgi ba, kuɗinta ya fi ƙarfin gidanmu ko da an sayar da gidan. Tsakanin tsohuwar da ka sani da tsohuwar da ba ka sani ba ake zaɓi. Ga kuma maganar kayan gyara. Golf 3, kamar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a zamanin su Baba, ta zama motar da kowane ƙauye ke da wanda ya iya ta. A Funtuwa ko Malumfashi ba abin da za ka nema nata ka rasa, daga fulogi har karanshaf. Motocin da suka fi ta ƙuruciya kuwa, masu kwamfuta a ciki, in wuta ta kama a gaban direba sai an nemo mai na'urar gwaji, wani lokacin sai Katsina ko Zariya ko Kano. Rewayan garinmu in ya ga irinsu addu'a yake fara yi.

Akwai kuma maganar da ba a yi da ƙarfi, wadda Kawu ya kawo da ya zo daga Sabuwa. Ya sauke murya ya ce wa Baba, "Yaya, kana sauya mota gari zai ce ka samu kuɗi. Ba a san wa ke kai labari ba." Kowa a yankinmu ya san matsalar masu kai rahoto, 'yan infoma. Mutum ya yi sabon rufin kwano, ko ya sayar da masara da yawa a rana ɗaya, ko ya ɗaura wa babur sabuwar leda, sai a kwana biyu a ji an zo an tafi da shi ko da matarsa. Mutanen da ke da halin hawa mota mai kyau da gangan suke yawo a akwala. Abin takaici ne a ce talauci ya zama riga da ake sawa don kariya, amma haka ake ciki. Zabuwa, da ƙofarta mai kala daban, ba ta taɓa sa wani ya yi zaton akwai kuɗin fansa a gidanmu ba. Wannan ba ya shiga kowane shafi na littafin lissafi, amma da Kawu ya faɗe shi ɗakin ya yi tsit, har Yaya bai ce komai ba.

Sai tambayar da ya kamata a fara da ita: ina miliyan biyu da rabi za ta fito? Gona biyu gare mu. Ta bakin daji shekara biyar ba a noma ta ba, kuma ko an sa ta kasuwa ba mai taya ta da daraja, don wanda zai saya shi ma ba zai iya zuwa ba. Ta kusa da gari ita ce abincinmu. Shanu kuwa an riga an yi mana sauƙinsu tun tuni. Bashin banki da ruwa Baba ya ce ko a mafarki. Dillali ya ce zai iya haɗa mu da mai ba da mota a riƙa biya duk mako, amma da aka faɗi jimlar abin da za a biya ta kusa miliyan biyar da rabi, kuma ka yi fashin mako uku a zo a ɗauke mota, abin da ka zuba ya bi ruwa. A hanyar da za a iya wayar gari an rufe ta, ko a yi mako ba wanda ya fita saboda an tare ta jiya, ɗaukar alkawarin biyan mako-mako kasada ce da ban ga dalilinta ba.

Maganar Inna ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ita ce lissafina ya kasa amsawa. Ita ba ta damu da Golf ko Sharon ba. Ɗanta take so ya daina bin hanya. Na gwada mata da alƙalami: in an sayar a miliyan ɗaya da dubu ɗari uku aka zuba a shago, a garin da kowane lungu akwai mai shago kuma rabin ciniki bashi ne, da wuya ya kawo dubu goma sha biyu a rana. Hatsi kuma wanda ya saya ya ajiye bara ya ga yadda farashin masara ya faɗo, wasu uwar kuɗinsu ma ba ta dawo ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ji. To nawa ka rubuta kuɗin ɗana a ciki?" Ban da amsa, ba kuma na jin akwai malamin da ke da ita. Abin da kawai zan iya cewa shi ne mutum goma sha huɗu na cin abinci daga wannan sitiyari, kuma yunwa ita ma ba ta da sulhu.

Da Baba ya sake tambayata, na ce a gyara, amma ba irin gyaran da muka saba ba. A ɗora injin Baljiyam, a canza duk abin da ya shafi ruwa a rana ɗaya, kada a bar ko tiyo ɗaya tsoho. Injiniya ya tafi Kano da kansa, a tayar da injin a gabansa kafin a biya, a rubuta sharaɗin mayarwa in ya ba da matsala cikin kwanakin da aka yi alkawari. Sannan duk ranar da mota ta fita a cire dubu biyu a ajiye gefe, ba a taɓawa sai don ita, yadda in abu ya lalace za a sayi mai kyau a ranar, ba a yi kwana huɗu ana jiran kuɗi ba. Yaya bai so ba. Ya ce ni da ke zaune a aji ina da bakin cewa a gyara, shi ne zai kwanta a ƙasa. Gaskiyarsa ce. Abin da ya sauko da shi shi ne alkawarin da Baba ya yi cewa in an yi shekara biyu, abin da aka tara da abin da motar za ta yi a kasuwa da lafiyayyen inji za a haɗa a sake duba maganar canji, kuma shi zai zaɓa. Inna kuma ta kafa nata sharaɗin, wanda ba a yi musu da shi ba: ba Sheme, ba Sabuwa bayan azahar, ko nawa za a biya. Kawu in yana son a fitar masa da masara, ya shirya tun asuba.

Dubu ɗari takwas ɗin ma sai da aka yi haɗe-haɗe. An sayar da masara, matar Yaya ta kawo kuɗin adashenta, Kawu ya ba da rance ba ruwa. Ragowar dubu ɗari biyu da hamsin kuwa daga kuɗin da Baba ke tara mini na babbar difloma aka ciro. Ni na kawo shawarar. Kowa a nan ya san bayan ƙaramar difloma sai an yi shekara guda ta aikin sanin makama kafin a dawo, saboda haka kuɗin zai zauna ne shekara guda naira na cinsa. Gara ya shiga injin da zai mayar da shi. Baba ya sa Yaya ya rubuta a littafi cewa bashi ne, za a riƙa mayar da dubu ashirin da biyar duk wata har wata goma. In motar ta yi yadda Injiniya ya ce, zan dawo makarantar nan a kan lokaci. In injin ya zo da ciwon da ba a gani ba, ko hanya ta sake rufewa, to zan ƙara shekara a gida, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki.

Yau mako bakwai ke nan da ɗora injin. An biya wata ɗaya, na biyu ya kusa. Yaya ya ce ta daina shan baƙin mai, allurar zafi na aiki, amma giya ta uku ta fara wata 'yar ƙara da safe, Injiniya ya ce a bar ta tukuna a ji inda za ta dosa. Galan biyun ruwan nan dai har yanzu suna bayan kujera, Yaya ya ƙi sauke su.